Ramukan layinmu a Gadarif, inda aiki ya kwana

Juma'a, 16 ga Mayu 2025

Yau bayan la'asar muka ƙirga su, talatin da bakwai. Daga bakin babban zalat, wato titin kwalta, inda masu raksha, wato keke napep, ke tsayawa zuwa ƙofar masallacin unguwa taku ɗari shida ne da ƙafata, amma ramuka 37 ne a ciki, banda ƙananan da tafin hannu zai rufe. Nace bari in riƙa rubutawa a nan saboda 'yan uwanmu na Jidda da Riyad da suka turo gudummawa ta manhajar banki ta Bankak su san inda kuɗinsu ke shiga, nima kuma in ban rubuta abu ba mantawa nake.

Wanda ya daɗe bai zo gida ba zai sha mamaki. 'Yar kwaltar da aka shafa wa layin shekarun baya kaurinta ko yatsa biyu bai kai ba, da can tana ɗan riƙewa don karo, wato amalanken jaki, ne da raksha ke binta, amma tunda yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a Afrilun 2023, balle bayan birnin Madani ya faɗi a Disamba, Gadarif ta cika maƙil, motoci suka ninka, layin da akuya ke kwana a tsakiyarsa ya koma hanya. Abinda ya zaburar damu shine makon jiya da daddare aka ɗauko matar maƙwabcina tana naƙuda, raksha ta faɗa ramin gaban shagon mai gawayi, ƙafar gaba ta lanƙwashe, sai a hannu aka ƙarasa da ita bakin titi. Alhamdulillah ta sauka lafiya, mace.

Mun sa wa kowane rami lamba da farar ƙasa, muka auna faɗi da igiya zurfi da sanda, duk na shigar a littafin rajistar ɗalibaina da ya rage. Mafi girma lamba 19, zurfinsa har gwiwata. Larabawan nan nafir suke cewa, mu kuma gayya muka gada, duk Juma'a da Asabar da safe za a fito.

Asabar, 24 ga Mayu

Kwana biyu muna cikowa. Karo goma sha huɗu na ƙasa daga bayan unguwa, da fasassun jan bulo da wani bawan Allah ya bamu kyauta. Samari sun fito wajen ashirin, mata sun aiko da kisra da miyar kuɓewa, wani ya kunna sifika, abun gwanin daɗi. Zuwa azahar layi yayi sumul, masu raksha na wucewa suna mana hon.

Mutum ɗaya ne bai yaba ba, Baffa ƙanin mahaifina. Yana zaune a gindin darbejiya da carbinsa tun safe, da na kai masa shayi nace Baffa kun ga aiki ko, sai yace "na gani ɗan nan, kun ba ramin abinci, Allah ya sa ya ƙoshi." Nayi dariya na wuce. Shi fa yayi lebura a hanyar Madani zuwa Gadarif lokacin da 'yan Sin suka gina ta a shekarun 1970, kullum labarinsa kenan har mun haddace, shi yasa wallahi ban tsaya na saurara ba.

Asabar, 14 ga Yuni

An sha ruwa daren jiya, na farko mai ƙarfi bayan sallar layya. Da asuba na fita da tocila. Ba sai na ja zance ba, duk abinda muka zuba ya koma kunu. Bulon ya nutse, ƙasar ta kumbura ta fito sama kamar ƙullin da yaji yis, takalmina ɗaya ma a lamba 8 na baro shi sai da wani yaro ya zaro min. Yanzu ramukan sun fi da muni, don da kana ganin rami ka kauce, yanzu taɓo ya rufe bakinsa.

Abun kunyar shine ni malamin jogirafi ne, shekara nawa ina koya wa yara wannan ƙasar a allo. Baƙar lakar nan tamu ta Gadarif da Jazira, irinta ce a tudun Dekan na Indiya, masana ƙasa na ce mata batisol, Turawa kuma baƙar ƙasar auduga. A cikinta akwai wani nau'in yumɓu da ake kira simektait, ƙwayoyinsa falle-falle ne kamar takardun littafi, ruwa na shiga tsakanin fallayen sai ta kumbura, rani yazo ta bushe ta tsuke ta dare. Kowa ya san dararrakin bazara a gona, wani zaka zura hannu har gwiwar hannu baka taɓo ƙarshe ba. Wannan riƙon ruwan nata shi ke bamu dawa da riɗin da ake taƙama dasu a kasuwar amfanin gona, kuma shine yake cin titi. Mu kuma da hankalinmu muka ɗebo ta muka ɗura a rami.

Na tsuguna a gefen hanya wajen minti ashirin ina kallo. Kusa da lamba 12 akwai wurin da kwaltar bata fashe ba tukuna amma ta tsattsage kamar bayan kada. Wata lori ta taho a hankali, tayar na hawa wurin sai naga kwaltar ta lotsa, ruwa mai laka ya tsarto ta cikin tsagar tsit tsit kamar an matsa soso, tana wucewa ta ɗago ta sake zuƙe ruwan. Kenan duk motar da ta wuce tana fitar da 'yar ƙasa daga ƙarƙashi, a hankali a bar kwalta a rataye kan iska, ranar da ta gaji sai guntu ɗaya ya ɓalle, taya ta yi gaba dashi, shikenan an haifi rami, daga nan gefe-gefensa ne zai ta zubewa. A ƙasashen sanyi ƙanƙara ce ke yin wannan aikin, ruwa ya daskare a tsaga ya ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari ya buɗa ta. Mu bamu da ƙanƙara, lakarmu ta isar mana.

Da yamma naje na durƙusa gaban Baffa nace Allah ya huci zuciyarku, mun ji jiki, yanzu me za a yi. Bai ce ai na faɗa muku ba, shi yasa nake son tsohon nan. Cewa yayi "ku bar ramukan tukuna. Ina ruwan layin nan yake zuwa in an yi sama?" Nace babu inda yake zuwa, nan yake kwana. Yace to nan zaku fara.

Asabar, 21 ga Yuni

Masraf, wato lambatu. Jiya da yau ba mu taɓa rami ko ɗaya ba, haƙa kawai muke a gefe biyu na layin don ruwa ya samu hanyar gangarawa zuwa babban magudanar da ke kaiwa rafin Khor Abu Farga. Tunda garin namu shimfiɗe yake ido baya gane ina ne tudu ina ne gangare, sai wani magini a cikinmu ya kawo siririn tiyo mai haske muka cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe baki-baki, inda ruwa ya tsaya a nan daidai yake da inda ya tsaya a can, a sa alama a turke. Da haka muka gano tsakiyar layin, wajen lamba 15 zuwa 22, kwari ne, ya fi bakin titi ƙasa da kusan taƙi ɗaya. Shi yasa manyan ramukan duk suka taru a wurin, ba wai aljanu bane kamar yadda wata Iya ta dage.

Haƙar ba ita ce wahala ba, mutane ne. Gida bakwai sun gina dakalin siminti a ƙofa sun toshe tsohuwar hanyar ruwa, kowa ya kare gidansa ya turo wa titi. Shida sun yarda da aka sa liman a maganar. Na bakwai yace sai dai a bi ta kan gawarsa, dakalin nan mahaifinsa ya gina. Ƙarshe Baffa ne ya taka da sandarsa yaje, suka sha jabana, wato gahawa, kofi uku, aka daidaita za a huda ƙarƙashin dakalin a zura bututu, dakali na nan ruwa na wucewa. Kuɗin bututun daga asusu ya fita, 'yan Jidda ku shaida.

Da dare na tuna wani abu da na karanta tun ina jami'a, na wani ɗan Sikotland John McAdam da ya rasu a 1836, wanda har yau ake kiran wani salon titi da sunansa. Hujjarsa ita ce ƙasar wurin ce ke ɗaukar nauyin abin hawa ba dutsen da aka shimfiɗa ba, dutsen rufi ne kawai, muddin ƙasar na bushe zata ɗauka. Na faɗa wa Baffa, yace shi bai san wani Makadam ba amma ɗan Sin ɗin da ke kansu kullum ihunsa ɗaya ne da guntun Larabcinsa, moya barra, moya barra, ruwa waje.

Juma'a, 4 ga Yuli

Na ƙi yarda mu sake zuba kuɗi a makance, don haka muka ware ramuka uku masu kusan girma ɗaya a jere don gwaji.

Lamba 5 muka share ruwan muka juye tsakuwa kawai muka bari motoci su danne, wato aikin a zuba a gudu irin wanda aka saba gani. Lamba 6 muka yanke gefensa da diga ya zama murabba'i mai miƙaƙƙen bango, muka kwashe laka har muka tarar da mai ɗan tauri, muka jera fasasshen baƙin dutsen nan da ake fasowa a duwatsun gefen gari, sannan tsakuwa gauraye da jar ƙasa hawa-hawa, kowane hawa kamar faɗin tafin hannu, a daka sannan a ƙara wani. Lamba 7 kamar 6 ne sai dai kafin dutsen mun cakuɗa lakar gindin da farar ƙasa, jir da ake shafe dashi, muka barta ta kwana biyu tun Laraba. Wannan shawarar ɗan yayata ce da ke aikin injiniya a Riyad, yace farar ƙasa na kashe wa laka kumburin nan nata, kuma gaskiya da ido na gani, lakar da ke manne wa shebur kamar danƙo ta koma tana warwarewa kamar dambu.

Mandala, wato injin daka ƙasa, bamu da kuɗin hayarta, sai muka ƙera tamu, gwangwanin man girki babba aka cika da siminti aka soka bututun ƙarfe a tsakiya. Nauyinta ya isa, mutum baya wuce ɗagawa talatin sai ya miƙa wa na kusa. Samari suka maida abun gasa har da waƙar daka.

Inda na ƙaru yau shine maganar ruwan da ake yayyafawa kafin a daka. Ni a zatona iya jiƙa iya kyau. Baffa ya damƙi jar ƙasar a hannu ya matse ya buɗe, yace in ta ruguje ƙishi take ji, in ruwa ya ɓullo ta tsakanin yatsu ta sha da yawa, wadda ake so ita ce ta dunƙule ta tsaya, in ka sake ta daga ƙugu ta fashe gida biyu ko uku. Na tura wa injiniyan bidiyon, ya dawo min da dariya yace Kawu ai wannan shine gwajin Proctor da aka fito dashi a Amurka a 1933, su da guduma da sikeli da tanda suke yi a ɗakin gwaji, Baffa kuma da tafin hannu. Ya ƙara da cewa mu riƙa barin cikon ya ɗan fi titin tudu kaɗan don zai zauna, kuma tsakiyar hanya ta fi gefe tsayi ko da yatsa uku ne a kowace mita, ruwa ya riƙa zamewa.

Juma'a, 11 ga Yuli

Yara sun tattaro ɓaraguzan tsohuwar kwalta suka ce zasu narka a rabin ganga da baƙin mai a shafe saman lamba 6. Na bari, kuskurena ne. Hayaƙi ya turnuƙe unguwa, Iya mai shayi ta zage mu tas, abun da ya fito kuma har yamma bai daskare ba yana bin tayar raksha. Ashe mai narkar da kwalta yake, shi yasa in kun lura daidai inda raksha da lori ke tsayawa suna ɗigar da mai da gas nan titi ke fara laushi. Mun kankare. Ba za a sake ba.

Asabar, 19 ga Yuli

Maganar manyan motoci. Kusan mako biyu kenan wasu direbobin lori sun gano layinmu na yanke musu cunkoson wajen kasuwa, daga sha ɗayan dare suke fara shigowa, wasu daga Bur Sudan wasu zasu Gallabat bakin iyakar Habasha, kaya har sama. A taron daren jiya wani yace ai masu raksha ne ke kashe layin don sun fi yawa, ɗari nawa ke wucewa a rana, a sa musu haraji. Masu raksha suka taso, saura kaɗan a dambace.

Sai na nemi allo. A garin Ottawa na jihar Illinois a Amurka, ba ta Kanada ba, an gina tituna musamman, daga 1958 zuwa 1960 aka sa motoci masu nauyi daban-daban suna ta zagaye a kai dare da rana don a ga me ke cinye titi. Abinda ya fito shine ɓarnar bata tafiya daidai da nauyi, in nauyin da ke kan aksul ɗaya, wato layin taya guda, ya ninka biyu, ɓarnar ba biyu take ninkawa ba, biyu sau biyu sau biyu sau biyu ne, 16. To ɗauki ƙaramar mota mai rabin tan a aksul da lori mai tan goma a aksul, ninki ashirin kenan, ashirin sau kanta har huɗu 160,000. Lissafin kimantawa ne ba wai cif-cif ba, amma ko ka yafe rabi ka sake yafe rabi, lori ɗaya ta dare ta fi duk rakshar unguwar nan na wata guda. Wurin yayi tsit, sai wani mai raksha yace Malam a sake faɗa da ƙarfi na baya basu ji ba.

Mun je wajen lijna, wato kwamitin unguwa, an bamu izini, yau muka kafa ganguna biyu cike da ƙasa a kowane bakin layi, tsakaninsu raksha da karo da ƙaramar mota zasu wuce, har motar asibiti mun auna, lori kam a'a. Tankar ruwa ce matsala, don ita muna buƙatarta, an bar ganga ɗaya ba a cika ta sosai ba yadda mutum uku zasu iya mirgina ta.

Juma'a, 8 ga Agusta

Lamba 19 ta kusa cin mutum.

Sau biyu muna cike ta da irin aikin lamba 6, wanda ko'ina yake riƙewa, amma ita bayan kwana huɗu biyar sai ka ga ta lotsa, kuma lotsawar daban ce, ba fashewa take daga gefe ba, tsakiyar ce ke zama kamar kwano, da'ira sak. Ran Talata na zuba bokitin ruwa a kai ina kallo, ko minti ɗaya bai yi ba ya ɓace, alhali baƙar laka in ta ƙoshi ruwa sai ya kwana a kanta. Nace a'a, akwai inda yake zuwa.

Yau muka buɗe. An kai kamar ƙugu ɗan maƙwabcina ya buga ƙarfen haƙa, sai ƙarfen ya zurma ya kuɓuce daga hannunsa, muka ji ƙararsa can ƙasa bayan ɗan lokaci, ga wani wari da ya bugo. Yaron ya daskare a tsaye, mutum biyu suka fizgo shi ta hammata, yana fitowa gefen da ya taka ya rufta. Innalillahi, har yanzu in na tuna jikina sanyi yake. Da muka haska sai ga da'irar tsohon bulo. Tsohuwar shadda ce. Iya mai shayi tace tabbas, kafin a yanka layin gidan wasu mutanen Barno ya kawo har nan, da aka ja katanga baya sai aka ɗora itace da buhu aka rufe da ƙasa, kwalta tazo ta hau kai. Itacen ya ruɓe, duk abinda muke zubawa ƙasa yake zurarewa.

Wannan ba irin sauran 36 ɗin bane sam. Su daga sama suke farawa, taya da ruwa, ita kuwa daga ƙasa take cin kanta har rufin ya kasa. Ƙanwar abinda ya faru a birnin Guwatemala ce a Mayun 2010, inda ƙasa ta buɗe ta haɗiye gini mai hawa uku, can ma ruwan bututun ƙarƙashin ƙasa ne ya daɗe yana kwashe ƙasar a ɓoye. Da na ba injiniyanmu labari yace su a Saudiyya dahal suke ce wa masu kama da haka, sai dai nasu ba ɗan Adam ya haƙa ba, ruwa ne ke narkar da dutsen ƙarƙashi shekaru aru-aru, yace akwai Dahal Hit a kudu maso gabas da Riyad ta hanyar Kharj, ya taɓa sauka ciki, ruwa na can ƙasa garai-garai.

Mun kewaye wurin da ƙaya da jan ƙyalle. Shawara ta tsaya a cika ta da manyan duwatsu da yashi ana bin su da ruwa har ta daina sha, sannan a zuba silab na kankare da rodi wanda ya zarce bakin ramin ta kowane gefe. Zai cinye kusan duk abinda ya rage a asusu. Ba wanda yayi gardama.

Asabar, 23 ga Agusta

An zuba silab ran Litinin, gallab, wato tifa, biyu da rabi na dutse ta shanye kafin ta ƙoshi. Muna jiƙa shi safe da yamma, an rufe da buhunan gwado.

Yau ba aiki, na bi ƙanina gona ta hanyar Doka duba riɗi. Tunda na shiga harkar nan idona ya lalace, ko'ina rami nake gani. A saurar da ba a taɓa sa mata garma ba ƙasar ba a miƙe take ba, tudu-tudu ne da kwari-kwari kamar an jera akussa, kowane kwari da ɗan ruwansa da kwaɗi. Ba mota ba kwalta amma ga ramuka. Yadda abun yake, da rani ƙasa ta dare, ɓarɓashin sama ya zuba cikin tsagar, damina tazo tsagar na son rufewa ta tarar an cika mata ciki, ba wurin kumbura sai ta turo gefe sama. Gilgai ake ce masa a littafi, kalmar daga yaren 'yan asalin Ostireliya aka aro ta, don suma suna da irin ƙasar. Tsayawa nayi ina tunanin ashe abinda ke faruwa a ƙarƙashin layinmu kenan ko ba a bi ta kai ba.

A hanyar dawowa yaran ƙanina suka ishe ni da tambaya, to duk rami ruwa ne ke yinsa? Nace kusan, amma kowanne da salonsa. Akwai wanda kogi ke haƙawa a cikin dutse, tsakuwa ta maƙale a ɗan lotsi, ruwa yayi ta juya ta kamar ana dama fura da ludayi, shekara dubbai sai ga rami mai santsi kamar turmi, tsakuwar na kwance a gindinsa ta zama mulmulalliya. Mafi shahara suna Afirka ta Kudu a Mpumalanga inda kogin Treur ya haɗu da Blyde. Akwai kuma na arewacin Amurka da Kanada, wajen Dakota da Saskatchewan, dubban ƙananan tafkuna da ƙanƙara ta bari lokacin da ta janye kimanin shekara 10,000 da suka wuce, su kuma ba a so ma a cike su don a nan kusan rabin agwagin dajin nahiyar ke ƙyanƙyasa. Abin dariya Turawa duk suna ɗaya suke kiran waɗannan da na titi. Ƙaramar tace to Baba mu ma a bar wa agwagin Iya lamba 30 mana, dama a ciki suke wuni.

Juma'a, 19 ga Satumba

Sakamakon gwaji bayan mako goma sha ɗaya da ruwa mai yawa. Lamba 5 ta mutu tun makon farko na Agusta, tsakuwar ta watse gefe, ramin ya ma fi da faɗi da kusan taƙi. Lamba 6 ta zauna da kamar yatsa biyu, gefe ɗaya ya fara gutsurewa inda ya haɗu da tsohuwar kwalta, amma raksha na bi ba tare da rage gudu ba. Lamba 7 mai farar ƙasa ko yatsa ɗaya bata zauna ba.

Sai dai zan faɗi gaskiya kar in yi muku daɗin baki, rami ɗaya ɗaya ne, kuma 7 ta fi kusa da inda lambatu ke da zurfi, zai yiwu wannan ma ya taimaka mata. Ni dai abinda na fi yarda dashi shine lambatun ne yayi rabin aikin, don har ramukan da bamu sake taɓawa ba a ɓangaren masallaci basu ƙara girma ba bana, ruwa baya kwana kuma, awa biyu bayan an ɗauke sama layi ya tsane. Ranar da ledoji suka toshe bututun ƙarƙashin dakalin nan kuwa, kwana ɗaya tak, washegari sabuwar tsaga ta fito a gaban gidan.

Zuwa yau an gama 24 da salon 6 ko 7. Saura 13, da sababbi biyu da suka ɓullo, na basu 38 da 39.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Sama ta fara janyewa, an shiga yankan riɗi, samarin gayya duk sun tafi gona, yau mu biyar ne kacal muka fito har da Baffa da ba ya ɗaga komai sai baki. Uku muka iya yi. Mai agashe na bakin titi ya aiko mana da tsire yace ladan ƙurar da ta ragu, Allah ya saka.

Abinda ke damuna yanzu biyu ne. Lorin amfanin gona zasu fara zirga-zirga, jiya ma na tarar an mirgine gangar tankar ruwa ba a mayar ba, da sawun babbar taya a kan silab ɗin 19, alhamdulillah ko gezau. Na biyu, ƙasa ta fara bushewa, a kafaɗar hanya na ga siraran tsagogi na bin tsawon layin, don gefe na rigan tsakiya bushewa sai ya ja kwaltar. Injiniya yace waɗannan ne ramukan baɗi in ba a toshe su ba kafin ruwa, kwalta ta gaske ake narkawa a ɗura, ba irin haukar da muka yi a Yuli ba. Mun rubuta takarda ta hannun lijna muna neman ko ganga ɗaya ce, Baffa kuma yace in bata samu ba a riƙa ɗura yashi mai laushi duk wata, ya fi babu.

Asusu saura abinda zai sayi gallab ɗaya na tsakuwa da buhu huɗu na farar ƙasa, hoton rasit na cikin guruf. Gobe in Allah ya kaimu bayan asuba lamba 30, na riga na faɗa wa Iya ta kulle agwaginta.